Ranar da Na Kwaikwayi Baffa a Gandun Daji

Shekarar da aka fara shari'a a Jigawa, ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ta rasa wurin wasa a cikin Dutse. Sai wani malamin daji ya gayyace mu gandun da yake tsaro a bayan Kiyawa, mu yi wasa kan masu saran itace, ko mutane sa san darajar wurin. Muka share fili a gindin tsamiya, maza gefe, mata gefe. Kafin Asabar ta uku, har daga Limawa 'yan acaɓa suke kawo mutanen da ba su taɓa sanin akwai gandun ba.

Ni ne nake fitowa a ɓarawon itace. Sau biyu ina yi ba wanda ya ko murmusa, abin ya ci mini rai, don ban iya jure a ce ban iya ba. To na san mutum ɗaya mai shiga gandun nan a ɓoye: Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun rasuwar iyayena. Yakan naɗe gatarinsa cikin buzun salla, ya riƙe buta, ya bi gefen daji da ɗingishinsa kamar mai neman wurin alwala. Na ce ai Baffa ba ya zuwa kallo, na ɗauki wannan kaf.

Ina fitowa da buzu da buta wuri ya kece da dariya. Na ji daɗi, har na ƙara ɗingishin. Sai na lura mutanen ƙauyenmu ba ni suke kallo ba, waiwaye suke yi. Baffa ne tsaye a baya, maƙwabci ya jawo shi. Malamin dajin ma ya bi inda idanun suka bi, kuma ba dariya yake ba. A kwanakin nan kuwa ba hirar da ake yi sai ta hukuncin sata. Ban san yadda na ƙarasa wasan ba.

Kwana biyu aka zo aka karɓe gatarin Baffa da jakin da yake ɗora wa itace. Dattawa suka sa baki, maganar ba ta kai gaban alƙali ba. Na je gabansa na durƙusa ina jiran faɗa, da ma faɗan ya yi.

"Ka iya ni ƙwarai," in ji Baffa. "Shekara ashirin kana cin tuwon itacen nan, ashe kallona kake."