Wa Ke Zama a Bayan Babur?

Yau a Legas makanike ya duba shokozobar tsohon babur ɗina ya ce in jefar. Ban ga laifinsa ba, haka garin ya koya masa.

Sai na tuna Kafanchan, shekarun saba'in. Matata na da tsohon ciki, hanyar asibiti duk ramuka. Baba Yohanna makanike ya kwance shokozobar, ya canja mai da roba, ya ce, “Wa ke zama baya?”

Na ce, “Madam.”

“To sauka, oga, ba don ƙugunka nake gyara ba.”

Ya ɗaura ƙwaryar ruwa a mazaunin baya, yana zagayawa yana gyarawa, har ruwan ya daina zuba.

Matata lafiya ta sauka, ta haifi mace. Yarinyar ce ke matsa mini yanzu in dawo gida, kuma bana zan dawo. Mutanen Kafanchan, wa zai tarbe ni?