Ranar da Usur Ta Zauna a Kan Hannuwanta

Ƙanwata ta iya fito tun kafin ta iya ɗaura zane. Mahaifinmu yana kiwon tattabaru a saman rufin gida, da fito yake kiransu in yamma ta yi. Duk cikinmu ita kaɗai ta ɗauko. Za ta sa yatsu biyu a baki, ta naɗe harshe, sai ka ji ƙara kamar an soka maka allura a kunne. Mahaifiyarmu ta dake ta har ta gaji.

"Mace da fito! Wa zai kwashe ki?"

"Wanda ya ji ya zo," in ji ta, tana share hawaye.

Daga nan sunan Usur ya bi ta. Jikokina ma ba su san tana da wani suna ba.

Ni na gama sakandare, na yi aikin buga takardu a ofis har na yi ritaya. Ita a aji biyu ta ajiye karatu, ba wanda ya cire ta, cewa ta yi zama yana sa mata ciwon baya. Hayar kujerun roba da rumfuna ta kama. Shagonta ɗaki ne guda a bakin titi, kujeru jere har silin, da bokiti da soso a ƙofa, don ba ta yarda kujerarta ta fita da datti. Da kanta take tura amalanke, kujeru sun fi ta tsayi, ba ta ganin gabanta. Sai fito kawai. Masu babur na unguwar sun san shi, da sun ji sai su kauce suna zagi. Mijinta direban babbar mota ne, mutum mai sanyin hali. In ya dawo barci yake yi, in ya tashi ya ce duk abin da ta yanke daidai ne.

Autarta ita ce maganar. Sanƙarau ya kama yarinyar tana ƙarama. Ta tashi, amma kunnen hagu ya mutu, na dama kuma rabi-rabi. A ɗaki shiru tana jin magana, musamman in tana kallon bakinka. A cikin hayaniya kuwa, ta ce komai ruwan sama ne a kan kwano. Abu ɗaya ke ratsa wannan ruwan, fiton uwarta. Da shi ake kiranta cin abinci, da shi aka sha janye ta daga gaban mota.

Da Auta ta fara ƙwallo a makaranta, maƙwabta suka yi ta magana. Usur ta ce duk wanda ke da abin faɗa ya zo shago ya faɗa, akwai kujera. Ba wanda ya zo. Yarinyar ta zama mai tsaron baya, ƙafar dama take bugu da ita, don haka a gefen dama ake ajiye ta. Matsalar ita ce mataccen kunnen sai ya fuskanci tsakiyar fili, inda haɗari ke fitowa. Gola za ta yi ihu, "Bayanki!" Auta ba ta ji ba. Sai Usur ta fara zuwa da kujerarta, ta dasa a bakin layi. Fito gajere, akwai mutum a hagunki. Fito dogo, buga ta waje. Haka suka yi shekaru, daga filin makaranta mai tsakuwa zuwa filin gari. Alƙalan wasan unguwa sun saba, wasu ma gaishe ta suke yi kafin a take.

Sai aka ɗauki Auta cikin 'yan matan ƙasa, 'yan ƙasa da shekara sha bakwai. Aka ce gasa ce ta ƙasashe, kuma a garinmu za a yi. Motoci dogaye suka cika gari da yara masu kaya iri ɗaya, kowace ƙungiya da harshenta. Usur ta rufe shago ranar wasan farko, abin da ko ranar da ta haihu ba ta yi ba sai da aka tilasta ta. Ta ja ni muka tafi. A ƙofa aka hana ta shiga da kujerarta. Ta duba kujerar filin, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta ce robar banza ce.

Ba a daɗe da farawa ba wata 'yar gaba ta baƙin ta zagayo ta hagun Auta. Usur ta sa yatsu. Na sha jin fitonta, amma ban taɓa jin sa a ƙarƙashin rufin babban fili ba. Ya bugi rufin ya dawo. Yarinyar baƙin ta tsaya cak, ta ɗaga hannu, ta ɗauka an busa satar gida. Auta ta kwashe ƙwallo ta wuce. Kocin baƙin ya yi tsalle kamar ya taka garwashi. Alƙaliyar wasa ta tsayar da wasa, aka yi sanarwa a lasifika cewa duk wanda ke busa usur a cikin 'yan kallo ya daina.

"Ba da ni suke ba," in ji ƙanwata. "Ni ba ni da usur."

Da ta sake, sai ga wata ma'aikaciyar fili, matashiya mai riga ruwan lemo, da maza biyu a bayanta.

"Mama, ba ni usur ɗin."

Usur ta nuna mata yatsu biyu. "Ga shi. Ki zo da wuƙa."

"Mama, doka ce."

"Dokar wa? Baki nawa, yatsu nawa, 'ya tawa. Wancan mai gangar da ya kurmantar da mu, shi ba ku gan shi ba?"

"Ganga ba ta kama da usur."

"To alƙaliyar ta canza nata. Ni na riga ta."

Suka fitar da ita. Ni na zauna na ƙarasa kallo, don ba ni aka kora ba.

Washegari da safe kociyar 'yan matanmu ta aiko mu je otal ɗin da suka sauka. Mace ce gajera mai kaushin murya, ba ta da lokacin kowa. Muka zauna a falon karɓar baƙi, sanyin na'ura yana cin ƙashina. Auta tana gefe cikin kayan atisaye, idonta a kan bakunanmu.

Kociya ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce masu shirya gasa sun ja kunnenta, in aka sake ƙungiyar gaba ɗaya za a hukunta. "Ba zan jefa yaran mutane a rami saboda mutum ɗaya ba. Ko ki yi shiru, ko Auta ta zauna a benci har a gama. Kuma in kin yi shiru na ga ba ta iya wasa ba tare da ke ba, nan ma benci ne. Ban ɓoye miki komai ba."

"Ke da kike ihu a bakin layi har jijiyar wuyanki ta tashi, wa ya hana ki?"

"Ihuna bai taɓa tsayar da wasa ba."

"Ai shi ya sa ba ya amfani." Usur ta gyara mayafi. "Sauran yaran kowace da kunne biyu ta shigo fili. Tawa da rabi ta shigo, ni ce cikon. In za ku hana ni, to ku ba ta kunne. Kuna da shi a sito?"

Kociya ta juya ta dubi Auta.

"Umma," in ji Auta.

"Na'am."

"Fitonki a makare yake zuwa."

Usur ta juya gaba ɗaya ta dube ta.

"Tun bara nake waiwaye da kaina. Kafin ki kai yatsa baki na riga na gan ta."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Wa yake iya faɗa miki magana? Baba ma bai iya ba."

Na yi dariya, domin gaskiya ce. Amma ɗaya maganar, ta waiwaye, na san rabinta ƙarya ce. Na kalli wasanninta da yawa. Wani lokaci tana gani, wani lokaci fiton ne ke cetonta. Yarinyar ta auna ne ta ga gara a ci ta a fili da a ajiye ta a benci.

"Ki zo, Umma. Ina so ki zo. Amma ki bar ni da su."

Usur ta tashi ba sallama. Da na bi ta shago na tarar tana wanke kujerun da ta wanke jiya. Mai shagon kusa, wani tela mai son ba da shawarar da ba a tambaye shi ba, ya leƙo ya ce ai mafita mai sauƙi ce, ta zauna a gida ta kalla a talabijin, ta yi fitonta son ranta.

"'Yar da na haifa zan kalla a akwati kamar labaran duniya? Koma kan kekenka, wandon mutane yana jiranka."

Ranar wasa na biyu muka koma. Tun daga ƙofa suka gane ta. Aka haɗa mu da wannan matashiyar mai riga ruwan lemo, ta zauna a kujerar da ke kusa, ta juya wa fili baya tana kallon bakin ƙanwata.

"Kalle ni da kyau," in ji Usur. "Ni 'yata na zo kallo."

Sai ta ɗaga jiki, ta shimfiɗa tafukan hannunta a kan kujera, ta zauna a kansu. Usur ba ƙaramar mace ba ce.

Rabin farko ya wuce lafiya. Auta tana ta juya wuya kamar kaza a bakin titi. Bayan hutu baƙin suka sako wata doguwa mai gudu kamar an koro ta. Ba a jima ba aka jefo ƙwallo ta sama. Auta ta ɗaga kai tana bin ta da ido, doguwar kuwa ta taho ta hagu, ta mataccen gefen. Kowa ya gani. Gola ta yi ihu, kociya ta yi ihu, fili gaba ɗaya ya yi ihu. Ruwan sama a kan kwano. Na ji kujerar ƙanwata ta yi ƙara. Kafaɗunta suka tashi, wani gurnani ya fito daga maƙogwaronta, amma hannuwan suna inda suke. Doguwar ta wuce Auta kamar an wuce turke, ta zura ƙwallo a raga.

"Da ba a ci ba," in ji Usur.

"Na sani."

"Yaya, wallahi da ba a ci ba."

"Na ce na sani. Zauna daidai."

A bakin layi kociya ta ɗaga wata yarinya daga benci, ta fara motsa jiki. Ba sai an gaya mana wa za a cire ba. Auta ma ta gani. Ba ta tsaya kuka ba. Ta ruga wurin abokiyar tsaronta ta gefen hagu, ta kama ta a kafaɗa, ta tura ta dama, ita ta tsaya a wurinta. Kociya ta buɗe hannuwa tana tambaya. Auta ta nuna kunnenta na hagu, ta nuna layi. Yanzu mataccen kunnen yana fuskantar waje, inda ba mai zuwa sai mataimakiyar alƙaliya mai tuta. Wurin bai dace da ƙafarta ba, bugunta na farko ma a cikin 'yan kallo ya sauka. Amma da doguwar ta sake tahowa, Auta ta tare ta gaba da gaba, suka zube tare, ƙwallo ta fita. Ta sake zuwa, ta sake samunta a hanya.

Kociya ta daɗe tana kallo, hannu a ƙugu. Can ta juya ta yi wa mai motsa jikin alama ta koma ta zauna.

Dab da tashi yaranmu suka farke daga bugun kusurwa. Fili ya kaure da ihu. Wani a bayanmu ya ce an tashi kunnen doki.

"Kunne dai, kunne dai," in ji Usur. "Ko a sakamakon ma sai sun tsokane ni."

Auta ta buga wannan wasan har ƙarshe, ta buga duk sauran har aka fitar da su, ba ta taɓa benci ba. Har yau tana wasa, a gefen hagu. Ƙanwata kuwa har gobe tana cewa dokar ta banza ce, kuma ni ban ce ba ta da gaskiya ba.

Amma a ranar, da aka busa tashi, sai ta ja hannuwanta daga ƙarƙashinta da ƙyar. Sun kumbura, zanen kujerar ya fito a tafin. Matashiyar ta yi murmushi ta ce, "Mama, mun gode da kika bi doka."

Usur ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Doka? 'Yar nan, dokarku fitar da ni kawai ta iya, ba ta iya rufe min baki ba. Yau 'yata ce ta ce in yi shiru. Ki je ki gaya wa manyanki, kada su ɗauka sun iya da ni."

Ta juyo wurina.

"Yaya, ɗaukar min jakar nan. Hannuna ya mutu."