Dubiya ta Bayan Ƙofa

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe ranar da na nemi mahaifiyata na rasa a cikin jirgin ruwa, a tsakiyar teku. Har yau in na tuna sai na yi dariya, amma a lokacin ba abin dariya ba ne.

Ni nas ce, muna zaune a garin Clinton a Amurka, kuma duk gidanmu sun san ni da tsanani. Shekara guda kafin wannan tafiya aka yi wa Umma dashen ƙoda, aka ɗora ta a kan maganin da ke raunana garkuwar jiki, ta yadda ciwon da wani zai yi kwana biyu ya miƙe, ita yana iya kwantar da ita asibiti. Da ta murmure, likitanta ya yarda, sai na ɗauke ta muka hau jirgin shaƙatawa daga Baltimore, tafiyar mako guda, don ta sha iska ta manta da warin asibiti.

Tun kafin mu shiga na kafa dokokina. Ba musafaha da kowa, ba taɓa ƙarfen matakala sannan a kai hannu baki, kuma kafin kowane abinci a wanke hannu da sabulu, don man shafawar nan na ƙofar ɗakin cin abinci ba ya kashe cutar amai da gudawa da aka san jiragen nan da ita.

"Ke 'yar nan," in ji Umma, don ba ta kiran sunana, ni ce ta fari. "Ni da nake alwala sau biyar za ki koya wa wanke hannu?"

"Umma, alwala ba sabulu a ciki."

"To Allah ya ba mu haƙurin zama da likitoci."

A rana ta biyu, muna layin karin kumallo, muka ji wata mata tana yi wa mijinta faɗa da Hausa a kan ya cika faranti. Umma ta juya kamar an kira ta. Ashe mutanen Maraɗi ne, suna zaune a Landover kusa da mu, mijin direban tasi, 'ya'yansu suka aiko su hutu. Kafin shayi ya huce sun zama ƙawaye, Umma na kiranta Hajiya, ita tana ce wa Umma Yaya. Duk inda ka leƙa a jirgin suna tare, suna kallon Turawa na gasa jikinsu a rana suna salati.

Rana ta huɗu aka yi sanarwa cewa wasu fasinjoji sun kamu da amai da gudawa, duk wanda ya ji alama ya zauna a ɗakinsa ya kira asibitin jirgin. Da azahar mijin Hajiya ya bugo mana waya, ya ce ita ma ta kwanta, an hana su fita. Ina ajiye wayar na ga Umma ta yafa mayafi.

"Ina za ki, Umma?"

"Dubiya mana."

Na tare ƙofa. Na yi bayani, na yi magiya, har na ce in ta kamu ƙodar da aka sha wuya a kanta tana iya lalacewa. Ta dube ni ta ce, "Mace na kwance a tsakiyar ruwa, ba uwa ba dangi, ki ce in zauna ina kallon kifi? Wai ni na haife ki ko ke kika haife ni?" Na ce ko me za ta ce, ba za ta shiga ɗakin nan ba. Ta cire mayafin ta koma ta zauna, ni kuma na ɗauka na yi nasara. Ashe ban san wadda ta haife ni ba.

Bayan la'asar na fita ɗebo mana ruwan zafi. Na dawo ɗaki wayam, ba Umma ba mayafi. Ban jira lif ba, na sauka hawa biyu a guje, zuciyata na cewa shi ke nan, tana can bakin gado tana riƙe da hannun mara lafiya.

Ina shan kwana na hango ta. Ta sa wani ma'aikaci ya kawo mata kujera, ta zauna daram a hanya, taki biyu daga rufaffiyar ƙofa, hannayenta cikin mayafi, tana ta kwarara gaisuwa.

"Sannu Hajiya. Yaya jikin? Allah ya sa kaffara ne."

Da ta gan ni ko gezau ba ta yi ba. "Cewa kika yi kada in shiga. Ba ki ce kada in zo ba. Ko ƙofar ban taɓa ba."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai ta ɗaga mini hannu. "Tsaya ki ji." Ta sake cewa, "Hajiya, yaya jikin?" Daga ciki wata siririyar murya ta amsa, da kyar, "Da sauƙi, Yaya."

Umma ta juyo. "Kin ji? Wannan da sauƙin ba na sauƙi ba ne. Tun ɗazu muryar ke raguwa."

Na ƙwanƙwasa na tambayi mijin ta bayan ƙofa. Ya ce tun safe ko ruwa ba ya zama a cikinta. Na ce to mutanen asibitin jirgin ba su bugo musu waya ba?

"Sun kira har sau biyu, ɗiyata. Na tambaye ta, ta ce da sauƙi, ni ko na hwaɗa musu da Turanci ta samu sauƙi."

Nan na dafe kai. Bahaushe ko yana gargara ka tambaye shi jiki, da sauƙi zai ce, su kuwa sun rubuta ta warware. Na kira su na yi musu bayani dalla-dalla, nan da nan suka zo da safar hannu suka tafi da ita, aka sa mata ƙarin ruwa. Likitan ya ce jikinta ya bushe sosai, gara da aka kira da wuri.

Na tasa Umma gaba muka koma ɗaki, na tsaya a kanta ta wanke hannu da sabulu, wannan karon ba musu. Kwana uku ina zuba mata ido, ko tari ta yi sai na taso na duba ta. Ta sauka daga jirgin nan garau, ba abin da ya same ta, Hajiya kuma ta sauka da ƙafarta. Har yanzu duk sallah sai ta aiko mana da dambun zogale daga Landover.

Na yi shekaru ina aikin asibiti ina ganin kare kai daga cuta shi ne ka nisanci mai ita. Umma ta nuna mini jikinsa kawai ake nisanta, shi ba a barinsa. Da dokata kaɗai aka bi, da ba wanda zai ji muryar baiwar Allahn nan tana raguwa. Shi ya sa yanzu duk mara lafiyar da ya ce mini da sauƙi, ba na wucewa, sai na ja kujera na sake tambaya.