Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Na daɗe ban rubuta komai a nan ba, wannan labarin kuwa ban taɓa ba da shi ba. Jiya na ga hoton wata mai jego, fuska a kumbure, mutane na ta rubuta mata "jego ya karɓe ki". Shi ya sa na zauna.

A tsakiyar shekarun tamanin na haifi 'yata Rabi. Na gama jami'a, ina aiki a wani biro, wato ofis, a unguwar Plateau, ina da takalma masu tsini da ra'ayi a kan komai. Duk da haka na koma gidanmu a Adjamé wankan jego.

Inna ba ta wasa da jego. Safe da yamma tafasasshen ruwa da ganye, ta yi ta fyaɗa mini har fata ta yi ja. Sai kunun kanwa, ƙwarya cike, da nama mai gishiri da yaji.

Ƙafafuna suka kumbura. Zobe ya ƙi fita daga yatsa. Inna ta ce jego ne ya karɓe ni. Ni na ce ƙiba ce, kuma siket ɗin aikina ba zai shiga ba. Kowa da irin iliminta.

Na aiki maigidana kasuwar Black Market, ya samo mini keken motsa jiki, irin wanda Turawa ke sayarwa idan za su koma ƙasarsu. Aka ajiye shi a baranda kusa da buhunan albasar Baba.

Inna ta zagaya shi, ta ce, "Ke, ina ƙafarsa ta baya?"

"Ba ya tafiya, Inna. A nan ake tuƙa shi."

"To ina za ki je?"

Kyanwoyinmu biyu, Minu da Baƙa, waɗanda ake ajiye su saboda ɓerayen albasa, su ne suka fara son keken. Kullum sai na kori ɗaya daga kan sirdi kafin in hau.

Na fita daga ruwan zafi, na sha kanwa, na hau keke. Haka kowace rana.

Sai numfashi ya fara gajarta. Tari. Kwanciya ta gagara, sai a zaune, jingine da bango. Gwaggo Hadiza, ƙanwar Baba, ta zo daga Treichville barka, ta ga Minu a kan cinyata, ta gano cutar nan take.

"Gashin kyanwa ne. Asma ce. Ku 'yan lakkol, 'yan boko, komai sai kun runguma."

Aka sa kyanwoyin a buhu, ta tafi da su shagon mijinta. Tarin bai bi su ba. Na ce rashin motsa jiki ne, na ƙara taurin keken.

Wata safiya ina kan keken, na yi tari, kumfa mai ruwan hoda ta fito. Na dube ta a tafin hannuna. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Na tuna dai ina tunanin launin ya yi kyau.

Taksi, gada, asibiti a Treichville. Ni da kyanwoyin muka ƙare a unguwa ɗaya.

Likitan ya danna yatsa a ƙaurina, ramin ya tsaya bai cike ba. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka manna mini wayoyi, aka ɗebi jini. Ya ɗaga hoton a taga ya ce, "Madam, zuciyarki ta yi girma, ta gaji, huhunki ruwa ne. Haihuwa tana yi wa wasu haka. Me kike ci? Me kike yi?"

Na lissafa masa. Da na zo kan keke, ya cire tabarau.

Inna ta ce a gaya masa da wankan nan aka yi ta, da shi ta yi mu duka. Ya ce, "Zuciyarki ta ɗauka, mama. Tata ba ta ɗauka ba." Inna ta dubi ƙasa.

Makonnin asibiti iri ɗaya ne. Iskar roba a hanci. Ƙwayar fitar da ruwa, sikeli da safe, abinci lami. Ana kawo mini Rabi in gan ta, a mayar. Ina riƙe ta kamar an ba ni ajiyar kayan wani. Matar gadon kusa da ni, wata safiya gadonta a shimfiɗe, ba wanda ya yi bayani. Maigidana ya sayar da babur ɗinsa saboda magani, ya ce mini dama ya gaji da shi. Shi ne ya ji tsoron da ya kamata in ji.

Ruwan ya sauka a hankali. Da na koma gida, Inna ta daina sa gishiri da kanwa a tukunyar gidan gaba ɗaya. Baba ya yi ƙorafi, ta ce, "Malam, ga gishiri can a kanti." Ba ta taɓa cewa komai a kan wankan ba. Minu aka maido, Baƙa ta ɓace a kasuwa. Bayan watanni likita ya yarda in hau keken, a sassauce, in sauka kafin in yi haki.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitan nan, da Inna da maigidana, Allah ya jiƙansu.

Idan mai jego ta kumbura, ku danna ƙaurinta. Idan tana haki, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune, ku kai ta asibiti ranar, kada ku jira arba'in. Kada ta hau wani injin motsa jiki sai likita ya saurari ƙirjinta. Ku bar kyanwa ta zauna.

Ranar sallama likita ya ce wani cikin zai iya tafiya da ni. Har yau a wajen biki akan tambaye ni, "Hajiya, ɗaya kaɗai?"

Nakan ce ɗaya. Ni na yaye ta, ni na aurar da ita.