Inci Biyun Baba

Babanmu tela ne. Shekara talatin da ɗoriya yana taka keke a shago ɗaya, kuma abu biyu ya ƙi rabuwa da su: tef ɗinsa na awo da motarsa. Tef ɗin tun ina goye almakashi ya cinye masa inci biyu daga baki. Maimakon ya sayi wani, sai Baba ya koyi cire biyu a ka. In ya auna kafaɗarka ya ga sha takwas, sha shida zai rubuta da alli a bayan ƙofa, rigar kuma ta zauna maka ɗas. Kaf unguwa Inci Biyu ake kiransa, yana amsawa.

Motar kuwa mu muka raɗa mata Sai-an-tura. A sanina ba ta taɓa tashi da makulli ba. Saboda ita Baba ya haddace duk wata gangara ta garin, har zumuncinsa ya koma bin tudu: ɗan'uwan da gidansa ke sama yana ganin Baba duk mako, wanda ke kwari sai dai a gaisa ta waya. In babu gangara, akwai Umma. Mu 'ya'ya mun tura, mun girma, mun watse, ita ta rage. Ta ɗaure mayafi a ƙugu ta dafa but, Baba na ciki yana leƙowa ta taga yana cewa, "Saura kaɗan, ƙara dai."

Bara gwiwarta ta dama ta ce ta gaji. Kujerar Sai-an-tura kuwa ta lotsa har ƙasa, in Umma ta zauna sai mutum biyu sun ciro ta. Wata huɗu ba ta leƙa ko'ina ba. A cikinsu Yayarmu ta haihu a wani gari, Umma ba ta ɗauki jikan ba sai dai hoto. Na ga ranar da ta gama kallon hoton ta kifa wayar ta juya fuska bango. Baba ma ya gani.

Washegari ya ce ƙaramar jif zai saya, mai kujera a sama kamar ta falo, amma wadda ƙafar Umma za ta iya kaiwa. Ya jera katakai a tsakar gida tana ɗora ƙafa, yana ƙara wani, har inda ta ce wash. Ya auna, ya cire biyunsa, ya ce sha biyar.

Ni na raka shi wajen masu sayar da motoci, kuma ni na jawo komai. Kunya ta hana ni barinsa ya fito da wannan baƙin tef mai zare-zare gaban mutane, sai na sayo sabo na yi ta magiya. Ya karɓa yana ƙunƙuni.

Dillalin mutum ne mai bakin zuba. Yana lissafa sanyin mota da rashin shan mai, Baba na durƙushe yana auna daga ƙasa zuwa bakin ƙofa.

"Alhaji, wannan har kyamara gare ta a baya."

"Me zan kalla a baya? Mai turawar ta yi ritaya."

Ta farko ya ce ta yi tsayi, ta biyu ya ce kujerarta kamar benci. Ya auna mota bakwai, ya ɓata gwiwar wandonsa. A ta takwas, wata ruwan toka, tef ya nuna sha bakwai. Baba ya miƙe yana murmushi ya ce, "Sha biyar cif." Ina tsaye ina gyaɗa kai kamar mai hankali.

"In za a tura ta, tana da nauyi?" in ji Baba.

"Ba a tura ta, Alhaji, maɓalli ake dannawa."

"Haka aka ce mini a waccan ma. Auta, ɗan dafa mu ji."

Haka na tura sabuwar mota taku uku da takalmi mai tsini, dillali na kallon sama.

Ranar tafiya gidan Yaya, Umma ta shirya tun safe, ta rungumo jakar rigunan jariri da Baba ya ɗinka. Ta kama ƙofa ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta tsaya a iska. Ta sake, ta sake. Baba ya shiga ɗaki ya fito da tsohon tef ya auna, ya ga sha tara. Ya daɗe yana kallon lambar.

"Baba, laifina ne," na ce.

"Sabon tef bai yi ƙarya ba. Ni na cire masa biyun da ba shi da bashinsu a kaina... kai, ni dai na cire."

Umma ta miƙo mini jakar. "Ku je kawai, ku shafa mini kansa." Ta juya za ta koma ciki tana ɗingishi, ni kuwa na san ba za ta sake tambaya ba.

Baba ya cire hula ya ɗora mini a hannu, ya naɗe hannun riga.

"Dawo ki kama ƙofar."

"Malam, mutane na kallo."

"Shekara ashirin suna kallonki. Yau su kalle ni."

Ya zagaya bayanta, ya kafa ƙafa, ya sa kafaɗa. Mai shagon gefe ya fito, mai wanki ya ajiye dutsen guga. Baba na nishi, jijiyar wuya ta tashi, ƙafar Umma na lilo dab da bakin ƙofa. Dariya ta ci ƙarfinta, hawaye na zuba, ta waigo ta dube shi ta ce, "Saura kaɗan, ƙara dai."