Fatihar da Babana Ya Hana

A ƙauyenmu, can tsakanin Boɗinga da Shagari, ba a fara komai sai liman ya shafa Fatiha, ko da haƙar rijiya ce. Babana ne liman a shekarar da aka kashe wani manomin albasa a fadamarsa.

Bayan sallar Juma'a shugaban 'yan sa-kai ya tsare mu a ƙofar masallaci. Mutum ne mai iya baki. Bai ce a kai hari ba. Rigar mamacin ya ɗaga, jinin ya bushe a kanta, ya shiga kiran mutane ɗaya-ɗaya yana tambayar kowa 'ya'yansa nawa. Da ya ga idanu sun yi ja, sai ya nuna yamma, inda rugar Fulani take. A rugar nan akwai wani tsoho da shanunsa ke kwana a gonarmu duk bayan girbi, su bar mana taki, mu ba shi gero.

"Malam, a yi muna Hwatiha," in ji shugaban.

Babana ya ce, "Wa ag gane su da idonai?"

Babu wanda ya gani. Shugaban ya ce wanda ya tsaya neman shaida, gawar ɗansa za ta zama shaidarsa. Babana ya maida hannuwansa cikin riga, ya ƙi fito da su. Aka jawo wani malami daga sahun baya, ya karanta. Na ɗaga hannuna tare da jama'a, na shafa. Ina da shekara talatin, ba wanda ya tilasta ni. Tsoro nake ji, kuma haushin babana ya kama ni don ya kunyata mu a gaban gari.

Da suka tafi kai wa rugar hari ban bi su ba, kuma na daɗe ina fakewa da wannan.

Washegari da hantsi aka kawo gawa huɗu a amalanke, biyu namu, biyu na ruga. Tsohon yana ciki. Mutane suka ja da baya daga na rugar. Babana ya naɗe hannun riga, ya ce duka huɗun zai wanke. Da ya zo kan tsohon, ya miƙo mini buta, bai ko dube ni ba.

"Hannun da ka ɗaga jiya," ya ce, "zuba ruwa da shi."

Na zuba. Ruwan yana kauce wa gawar yana zuba a ƙasa, bai ce in bari ba.