Fil a Bakin Mai Ɗinki

Mai Ɗinki ba miskila ba ce, sana'a ce ta ɗinke mata baki. Tun tana budurwa ta saba riƙe fil tsakanin leɓɓanta in tana aiki. Mai kawo ɗinki ta yi ta zuba, ita kuwa sai "mm" da gyaɗa kai, ƙafa na kan keke.

A ƙarƙashin teburin keken ɗinkin nan ɗanta ya yi rarrafe, a nan ya miƙe. Maɓalli ake ce masa, saboda 'yar kewayayyiyar fuskarsa. Ya wuce shekara biyu bai ce ko "Mama" ba. Sa'anninsa na maƙwabta har rashin kunya sun fara, shi kam sai ido.

Abin yana cin ranta ƙwarai. In hantsi ya shigo ta taga, burbushin yadi na yawo cikin hasken, sai hankalinta ya yi nisa. Ta ji yana kiranta daga bakin ƙofa, yau da siririyar murya, gobe da irin ta babansa direba, wanda kullum yana kan hanya. Har amsawa take yi a zuci. Kafin ta farga ta ɗinka hannun riga a baibai.

A asibiti an duba kunnensa, lafiya lau. Ma'aikaciyar ta ce, "Kina yi masa hira kuwa?"

"Ni da nake wuni da shi?" Da fushinta ta dawo gida.

Wata safiya yayarta ta kawo gyaran riga. Ta leƙa ƙarƙashin tebur ta ce, "Maɓalli, ba gaisuwa?"

Ya ɗago. Tsinken tsintsiya ne maƙale a leɓɓansa, ƙyalle a cinyarsa, ƙafarsa ɗaya tana taka iska. Ya gyaɗa mata kai irin na manya. "Mm."

Yayar ta kwashe da dariya. "Ke, wannan ai ke ce sak! Saura ki miƙa masa almakashi."

Mai Ɗinki ba ta yi dariya ba. Ta buɗe baki za ta yi musu, sai fil suka zubo mata a cinya. Ashe yaron bai ƙi koyo ba, duk abin da ta koya masa ya haddace. Kunya da tausayi suka rufe ta.

Ta tsince fil ɗin ta soke a ɗan matashinsu, ta sauko ƙasa ta zauna, gwiwarta na gugar tasa. Ta rasa me ake ce wa yaro. Ta ɗauki abin da ke kusa.

"Zare," ta ce. "Ka gani? Jan zare."

Maɓalli bai dubi zaren ba, bakinta ya ƙura wa ido. Can ya cire tsinkensa a hankali, ya soke shi a matashin kusa da nata, ya matso.

"Za," in ji shi.

Muryar ba ta yi kama da ko ɗaya cikin waɗanda ta yi ta ji ba. 'Yar dusasshiya ce, irin tata.